Zugazugan Bajamushe

Makka, 1953

Yaya Mukhtaru,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya su Rabi? Ni lafiya lau, sai dai na daina kai fata Jidda.

Dillalina ya ce wani Bajamushe ke saye don zugazugai. Na ɗauka maƙeri ne, har ina zaɓar masa masu laushi. Ashe ƙaton abin busa yake ƙera wa majami'u, zugazugan ke ba shi iska. Fatun ragunan hadaya fa, Yaya, da na jeme da hannuna. Wai bai taɓa samun jima irin tawa ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ƙona mini rai.

Cefane ya ragu, amma muna ci. Turo mini bagaruwa ta hannun alhazan bana. Salka zan koma yi, ita dai alhazai take shayarwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Lurwanu