Ranar da Na Ji Ɗana Yana Hausa a Cikin Gem

Salamu alaikum mutanen wannan gida. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana, a unguwarmu ta Mayo kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kwanakin nan ko abinci ba ya wuce mini.

Ni mai shayi ce a kasuwar Suk al-Arabi, mijina kuma direban hafila ne, wato bas ɗin haya, da asuba muke fita sai yamma. Babban ɗanmu shekararsa goma sha huɗu, bari in kira shi Sani. Irin yaran yanzu ne, ki yi masa Hausa ya amsa miki da Larabci. Kakarsa, uwar mijina, kullum kukanta ke nan, wai ubanta ya tako daga ƙasar Kano da ƙafa zai je Makka ya yada zango a nan, ga shi harshen zai mutu a hannunmu.

Bara ƙanena mai shagon waya a Kasuwar Libiya ya ba Sani tsohuwar waya, sai ya kama gem ɗin nan na harbe-harbe da ake yi da mutanen nesa ana hira. Ni dai na ce gara haka da yawon titi, gari ba lafiya, ga layin burodi ga kamen samari. Wata rana na dawo sai na ji Hausa na fitowa daga ɗaki, Sani ne da bakinsa, yana ta zuba da wani. Wallahi tsayawa na yi da kayan shayi a hannu, daɗi ya cika ni.

Ya ce wani dattijo ne suke wasa tare, Alhaji suke ce masa, Bakano ne mazaunin Omdurman. Aka miƙa wa kaka wayar suka gaisa, ya tambaye ta garin ubanta, ya ce ya san garin har kasuwarsa, tsohuwa ta yi ta hawaye. Kun san halinmu, baƙon da ya yi sallama da Hausa ba a tambayarsa ko shi wane ne, tabarma ake shimfiɗa masa, haka aka yi wa kakanninmu a hanya. Ba wanda ya ce me babban mutum yake nema a wasan yara. Har abincin Juma'a muka gayyace shi, kullum da uzurinsa, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba.

Sannu a hankali Sani ya fara zancen haƙar zinare a arewa, wai sa'o'insa na dawowa da babur. Na ɗauka surutun yara ne. Ranar Alhamis ya fita da kayan makaranta, kafin azahar ƙanena ya kira ni a waya. Allah ne ya sa ya zaga bayan kasuwa, ya hango Sani a bayan wata a-kori-kura tare da wasu yara da jarkokin ruwa, jakarsa cike da tufafi. Da ƙyar ya janyo shi ƙasa. Direban ya ce shi bai san wani Alhaji ba, ma'aikata aka ce ya kai wurin haƙar zinare. Da aka duba wayar, sai ga hoton ƙofar gidanmu, da na ƙannensa mata, har na inda nake zama da shayi, duk ya tura wa mutumin.

Mijina ya yi wa Sani dukan da bai taɓa yi masa ba, ya fasa wayar, ya ce ni na sangarta shi. Yanzu ya dage sai ya kai shi Jazira wajen wansa ya yi noma, inda ko sabis babu. Ƙanena ya ce a kai ƙara, mijina ya ƙi, ya ce irinmu in muka shiga ofis da kuka, takardun kakanninmu za a fara tambaya, mu koma mu ne abin tuhuma.

Sani kuwa ya daina cin abinci da mu, ya daina magana. An ce ana ganinsa yana aron wayar abokai. Jiya na zauna kusa da shi na ce me ya sa ya yarda da wanda bai taɓa gani ba. Sai ya amsa, da Larabci, ya kira ni Yumma, wato Mama: "Yumma, shi kaɗai na taɓa yi wa Hausa bai yi mini dariya ba."

Kuma gaskiya ya faɗa. In ya karkace kalma duk gidan muke kwashewa da dariya, har ni.

Ran Asabar ubansa zai sa shi a mota. In na bari ya tafi, ina tsoron ya tafi da wannan ciwon ya ƙi mu har abada. In na hana, mutumin nan ya san ƙofar gidana, kuma har yanzu yaron muryarsa yake nema. Iyaye mata, in ɗanku ne, za ku bari a kai shi, ko za ku riƙe shi? In na riƙe shi, ta ina zan fara?