Yatsana ya taɓa rimot, bakina ya yi shiru

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis. Ranar ce za a rufe karɓar fom na neman gurbin karatu, kuma kwana tara ke nan ina buɗe fom ɗin a kwamfuta ina rufewa, har matata ta fara tambaya ko wata nake rubuta wa wasiƙa.

Ni ma'aikaci ne a ɗakin binciken jirage marasa matuƙi na wata jami'a. Ina da digiri na biyu, amma aikina ɗaure fukafukai ne, da cajin batura, da riƙe rimot. Riƙe rimot ɗin nan shi ya jawo mini. Muna da wani babban ɗaki da aka kewaye da raga, da ginshiƙai huɗu a tsakiya da manyan fankoki a gefe. Idan ɗalibi ya rubuta manhajar da za ta tuƙa jirgi da kanta, sai a kunna fankokin, a saki jirgin ya zagaya ginshiƙan shi kaɗai. Ni kuma ina tsaye da rimot, don in ƙwace shi idan zai faɗi. Dokar ɗakin guda ce: duk lokacin da na taɓa, ko da ɗan kaɗan ne, sai na ɗaga murya na ce "na karɓa", a rubuta cewa wannan tashin bai yi ba.

Akwai wata ɗalibar digiri na uku da duk muke kira Yaya, don ta riga kowa zuwa. Shekararta biyar a kan aiki ɗaya, 'ya'yanta biyu, kullum da gudu take fita ɗauko su daga makaranta. Wata huɗu jirginta yana zuwa ginshiƙi na uku sai iska ta kwashe shi ya nufi raga, ni kuma in ce na karɓa. Har ta kai ba ta kallona idan na buɗe baki.

Wata ranar Talata jirgin ya zo kwanar ginshiƙi na ukun nan, ya fara zamewa, sai babban yatsana ya ɗan tura shi hagu. Wallahi ban yi niyya ba, sabo ne kawai. Jirgin ya wuce lafiya ya sauka daidai kan alama. Kafin in yi magana Yaya ta zauna a ƙasa tana hawaye tana godiya ga Allah, ɗalibai suna tafi. Na kasa cewa na karɓa. Na ce a raina gobe zan faɗa. Goben ta zo, na sake turawa. A tashi arba'in da ta sa a kundin digirinta, na taɓa a goma sha ɗaya, kuma duk na san su, don na rubuta lambobinsu a bayan littafin batura.

Yanzu Farfesa, shugaban ɗakinmu, ya samo gurbin digiri na uku guda ɗaya, ya kira ni ofis ya ce ni yake so. Aikin shi ne a fitar da manhajar Yaya waje, jirgi ya riƙa shiga ƙarƙashin gadoji yana duba tsagewa da na'urorinsa, a inda mai rimot ba ya ganinsa. A ƙarƙashin gada kuwa akwai masu sayar da kaya da masu wucewa. A takardar shaidar da ya rubuta mini har cewa ya yi bai taɓa aiki da hannu mai amana kamar nawa ba. Na karanta, na kife takardar.

Anti, shekara shida ina son wannan dama. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran jiragen da komai sai "ƙudajen ƙarfenka", ta riga ta sanar da dangi kaf. Ƙannena sun fara ce mini Dakta, surukina ma da bai taɓa tambayar aikina ba ya bugo waya. Idan na faɗa, mai yiwuwa in rasa gurbin, in kuma rusa wa Yaya kundin da za ta kare a gaban malamai nan da mako shida. Idan na yi shiru, ai zan iya gyara manhajar a hankali bayan na shiga, ba wanda ya sani. Ko ba haka ba? Wani lokaci wannan tunanin yakan kwantar mini da hankali na minti goma, sai in tuna gadar. Jiya Yaya ta ce ta sa sunana a shafin godiya. Na rasa inda zan sa kaina.

Naki,
Mai riƙe da rimot

Ƙanena mai rimot,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ban ga mugu a cikinta ba. Taɓawar farko sabo ne, shirun farko tausayi ne. Amma sauran goman kai ka zaɓa, kuma ka san haka, shi ya sa fom ya gagare ka.

Bari in fara da shawarar da kake ba kanka, ta gyara a ɓoye. Ba za ta yi ba. Za ka shafe shekara uku ko huɗu kana gini a kan sakamakon da ka san ba gaskiya ba ne, sunan Yaya yana kansa, kuma ba kai kaɗai za ka ɗauki manhajar ba da zarar an wallafa. Na kuma tambayi wani injiniya da na sani, ba tare da na ba shi labarinka ba. Ya ce irin waɗannan jirage sukan ajiye bayanin duk abin da aka yi musu a sama, har da motsin rimot. Ke nan yatsanka yana rubuce a wani wuri, jira kawai yake wani ya buɗe. Gara a ji daga bakinka.

Tsoronka game da Yaya gaskiya ne, kuma za ta ji zafi. Sai dai kuskuren da aka gano saura mako shida gyara ne, wanda aka gano bayan an ba ta digiri kuwa tabo ne da zai bi ta duk inda ta nemi aiki. Ka ɗauka taimakonta ka yi, alhali ka ɓoye mata abin da take bukatar gani.

Ga abin da za ka yi. Gobe da safe ka same ta ita kaɗai, da littafin baturan nan a hannunka. Ka faɗa kai tsaye, kada ka yi ta kewaye-kewaye, kuma kada ka nemi ta lallashe ka. Idan ta yi faɗa, ka tsaya ka ji. Daga nan ku je wurin Farfesa, ka bayyana masa cewa ba da saninta aka yi ba. Ka ce za ka tsaya a sake tashin duka, ko da Asabar da Lahadi ne. Matarka kuma ka gaya mata yau. Dangi su jira.

Game da gurbin, ba zan yi maka alkawari ba. Farfesa yana iya janyewa, kuma yana da hujja. Amma ka lura da wani abu: kai kaɗai ka san daidai inda manhajar take kasawa, da irin turin da yake ceton ta. Yatsanka ya san abin da na'urar ba ta sani ba, kuma ina jin wannan tambaya ce da ta isa a yi bincike a kanta. Ka kai masa ita. Idan ya ƙi, akwai wasu ɗakunan bincike, kuma za ka shiga da sunan da ba ka tsoron a bincika.

Dokar ɗakinku kalma biyu ce. Ka makara, amma jirgin bai kai gada ba tukuna. Je ka ce ka karɓa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa Yaya ta kare kundinta da kai a ɗage.

Antinka