Duriyan Ɗin Irdina Ya Yi Fure

Balik Pulau, Pinang

Zuwa ga ƙanwata Zaitun,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, a can Sandakan. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai kewar matata Salbiah da ba ta barin gidan, Allah ya jiƙanta.

Kin san tun da 'yata Irdina ta shiga jami'a, duk shekara ina neman rangwamen harajin da ake yi wa mai ɗa a karatu. Ɗan abin da aka mayar mini ban taɓa cin ko sisinsa ba. Dashen duriyan, itacen nan mai 'ya'ya masu ƙaya da zaƙi, nake saya in kafa a bayan gida, duk shekara guda. Ina zama ƙarƙashinsu da yamma in yi ta hango ta tana koyarwa a makarantar garin nan, jikokina na guje-guje a gonar, ni kuwa ina kishingiɗe ina yi musu faɗan ƙarya.

Makon jiya na je wurin maƙwabcina Kok Wai, wanda ke cika mini takardun a kwamfuta. Yana cikin danne-dannensa ya ce in kalli sunanta da kyau, don bana ce ta ƙarshe, ta gama karatu, gwamnati ma ta daina ƙidaya ta a cikin yara, saura ni mai taurin kai. Wallahi Zaitun, sai da shayin da ya ba ni ya fita raina. Ai ya san zancen: an ba ta aikin kula da kunkurun teku a tsibiran da ke kusa da ku, ta nemi izinina, ni kuma na yi ta ja mata rai. Ta ce in ban yarda ba ba za ta tafi ba, kuma Jumma'a za ta ba su amsa. Na ce masa ya ji da kwamfutarsa. Ya ƙyalƙyale da dariya, wai tsoho da ni, na tsufa a gonar duriyan amma ban san ba a riƙe shi a reshe ba, in ya nuna da kansa yake saki.

Na dawo ina ta ƙunƙuni, sai na tarar dashen farko ya yi fure, karonsa na fari. Na daɗe tsaye ina shaƙar ƙamshin, har na ji kamar Salbiah na gefena tana harara ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

To, ki share wa Irdina ɗakin nan mai kallon teku. Ɗa na kowa ne, balle ke gwaggonta. Ba ta cin yaji sosai, kuma in ta ce lafiya lau, ki sake tambaya. Jiya na ce mata ta je.

Ki gaida Malam Rosdi, da Aiman, da auta Balkis. Duriyan na farko da zai faɗo, ba mai taɓa shi sai ta zo hutu, ko da ya ruɓe.

Yayanki,
Shaharom