Ni na kira masa jawazat

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu na gida da na nan Saudiyya. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ban zo neman a ce na yi daidai ba, na san ban yi ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin kaina na riga na yi shi har na gaji.

Ni dattijo ne, na haura hamsin da biyar. Tun ina saurayi na zo Jidda, a unguwar Karantina nake zaune. Ina da iƙama, wato takardar zama, ina da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya mini, kuma ina da 'yar bufiya a bakin wani lungu, irin ƙaramin shagon nan na karin kumallo. Tun kafin a kira asuba nake kunna gas, in ɗora tukunyar ful, wato dafaffen wake, in soya hanta da albasa, in fasa ƙwai, in haɗa shayi da madara. Leburori da direbobi da masu shara duk a wurina suke karyawa, kowa da samuli a hannu, burodin nan dogo mai laushi. Amma ba don ƙwai ko hanta mutane suke tasowa daga Nuzla har daga Ruwais ba. Don sandawish ɗin nama suke zuwa, wanda muke kira tilyani, kuma ba ni na kawo shi ba.

Ilu ne ya kawo shi. Ɗan garinmu ne, na girme shi da shekara huɗu, Yaya yake ce mini. Umra ya zo ya zauna, bai taɓa samun takarda ba. Ya daɗe yana wanke-wanke a kicin ɗin wani kamfanin Italiyawa masu aikin gini, a can ya ga yadda kukunsu yake dafa naman sa da tafarnuwa da ganyen ƙamshi, ya yanka shi siriri har kana hango haske ta cikinsa, ya mayar da shi cikin romonsa, ya cusa a burodi da soyayyen tattasai da barkono mai tsami, sannan ya tsoma burodin gaba ɗaya a romo. Da kamfanin ya gama aikinsa ya tafi, Ilu ya same ni ina ta fama da ƙudaje a shago babu ciniki, ya ce, "Yaya, kai kana da shago, ni ina da hannu. Mu gwada mana." Muka gwada. Ba a yi wata uku ba sai da muka fara sa benci a waje saboda mutane. Shekara tara muka yi tare, kafaɗa da kafaɗa a wurin da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ni na tsaya masa da ya auri Rakiya, haifaffiyar Karantina ce. Ni na yi wa 'yarsu Hanan huɗuba.

To me ya same ni? Har yau in na tambayi kaina, amsar da nake samu ƙarama ce, abin kunya. Shagon nawa ne, sunan kafilina ne a takarda, amma duk unguwa "bufiyar Ilu" ake cewa. Mutum zai zo ya same ni a tsaye ya leƙa ta bayana ya ce, "Ina mai wurin?" In Ilu ya fita sallah, wasu sai su ce za su jira shi. Ina dariya, amma abin yana taruwa a raina. Ilu bai taɓa raina ni ba, wallahi bai taɓa ba, sai dai mutum ne mai faɗin magana yadda ta zo masa. Wata safiya shago cike, kafilina ma yana nan ya kawo wani baƙonsa, na ɗauki wuƙa ina yanka naman don in rage masa aiki. Sai Ilu ya zare wuƙar daga hannuna ya ce, "Haba Yaya, ai ba tsire muke yi ba. Koma wurin shayinka." Mutane suka yi dariya. Kafilina ya fi kowa dariya, ya dafa baƙonsa ya ce masa da Larabci wannan ne mai sana'ar, wancan mai shayi ne. Shi ke nan abin da ya faru. Babu zagi, babu duka. Ilu ma ko a jikinsa, da muka tashi har ya miƙo mini sauran nama in kai wa iyalina.

Bayan azahar na rufe shago, ban nufi gida ba. Na taka har wata kabina ta waya nesa da unguwarmu, na kira jawazat, masu kama marasa takarda. Na faɗi lungun, na faɗi shagon, na ce su zo da safe. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Na gaya wa kaina ai tsorata shi kawai za su yi, ai mutane nawa aka kwashe suka dawo bayan wata shida? Ai zai dawo ya san cewa inuwata yake ciki. Haka na yi ta faɗa wa kaina kwana uku, har na fara zaton ba za su zo ba, har na fara jin daɗin hakan.

Ranar ta huɗu suka zo, wajen ƙarfe bakwai, lokacin da layi ya fi tsawo. Mota biyu, ɗaya ta tare bakin lungu. Ba Ilu kaɗai suka ɗauka ba, wannan ne abin da ban lissafa ba. Duk wanda yake kan bencin nan ba shi da takarda sai da suka sa shi a mota, mutanen da suka zo karyawa kawai, wasu da burodinsu a hannu. Ni na nuna iƙamata aka ture ni gefe. Ilu bai gudu ba, babu ma ta inda zai bi. Da za a fita da shi ya waiwayo ya ce, "Yaya, rage wutar romon nan kada ya ƙone. Ka je ka gaya wa Rakiya da kanka, kada ta ji a bakin mutane." Na rage wutar. Na je na gaya mata. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, Hanan tana da shekara shida lokacin, tana riƙe da gefen abayarta tana kallona.

Ya yi watanni a tarhil, gidan da ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasarsu. A can ya kamu da ciwon ƙirji. Aka kai shi gida Najeriya, ya yi jinya, ya ɗan tashi, ya sake kwanciya. Sau ɗaya ya yi yunƙurin dawowa abin bai yiwu ba, daga nan jikin ya ƙi. Rakiya kuma ba ta taɓa ganin Najeriya ba, ga tsohuwarta a kwance ba mai duba ta sai ita. Ilu ya ce ta zauna zai dawo. Yau shekara goma sha uku ke nan.

Bayan tafiyarsa ciniki ya faɗi, don naman da nake yi ba ya kama da nasa. Yana dagargajewa, romon ba ɗanɗano. Wata rana ya kira ni daga gida, muryarsa a shaƙe yana tari, ya ce ya ji labari mutane sun rage zuwa. Ya ce, "Yaya, da zafi kake yankawa, shi ya sa. Ka bar shi ya kwana a firij, ka yanka da sanyi. Kuma ruwan barkonon nan mai tsami, zuba ludayi ɗaya a romon. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kada shagon ya mutu, iyalina a nan za su ci." Na ce to. Me zan ce ban da to? Na bi yadda ya faɗa, mutane suka dawo. Yanzu sunana ake kiran bufiyar da shi. Abin da na so ke nan, ko ba shi ba? Na samu, kuma ban taɓa jin an kira sunan na ji daɗi ba.

Tun daga lokacin ban bar gidansa ya kwana da yunwa ba. Kullum da safe ana kai musu karin kumallo, duk abin da na yi wa 'ya'yana na yi wa 'yarsa. Hanan Baba take ce mini. Mutanen unguwa suna ba da misali da ni in ana maganar amana, wani dattijo ya taɓa riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce irina sun yi ƙaranci. Kun san nauyin a yi ta gode maka a kan ramin da kai ka haƙa? Na gaji da godiya. Na gaji da "Allah Ya saka da alheri". Gwiwoyina sun gaji da tsayuwa, idona ya gaji da hayaƙi, amma duk wannan ba komai ba ne a kan gajiyar da nake ji in Rakiya ta aiko a gaishe ni. Makka tana nan kusa da mu, na je na yi ɗawafi ban san iyaka ba, na yi kuka, na roƙi gafara. Amma na sani, kowa ma ya sani, hakkin mutum sai mutum ya yafe.

Akwai abin da ya fi wannan muni, shi ne ma ya sa na rubuto. Rakiya tana da wa, Hamza, makaniki ne a Nuzla. Dama bai so aurenta da Ilu ba saboda rashin takarda, kuma ana saura kwanaki a yi kamen sun yi cacar baki, har Hamza ya ce cikin fushi wata rana sai an tattara Ilu an mayar da shi inda ya fito. Mutane sun ji. Da abin ya faru, ba wanda ya yi dogon tunani, kowa ya ce Hamza ne. Ya rantse, ba a yarda ba. Rakiya ta daina yi masa magana. Da tsohuwarsu ta rasu, a gida ɗaya suka karɓi gaisuwa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ina zaune a wurin, ina ganinsu, na yi shiru. An tambaye ni ra'ayina sau da yawa, sai in ce Allah ne masani. Ban taɓa cewa shi ne ba, amma ban taɓa cewa ba shi ba ne, kuma na san me shiruna yake nufi a kunnen mutane.

Yanzu Hanan za ta yi aure, wani yaron kirki direba. Makon jiya Ilu ya kira ni, da ƙyar nake jin maganarsa. Ya ce, "Yaya, kai na wakilta, kai za ka ba da ita. Ba ni da wanda ya fi ka." Na ce ai ga kawunta Hamza, ko don zumunci a sa shi a gaba. Ya ce, "Wanda ya raba ni da 'yata ba zai zauna a wurin aurenta ba. Na yafe wa kowa a duniya, shi kam mu haɗu a gaban Allah."

Shekaranjiya kuma da hantsi, mutane sun ragu ina goge tebur, sai ga Hamza. Ya tsufa, gemu duk fari. Rabonsa da shagon tun kafin kamen. Ya zauna a benci ya ce in ba shi tilyani ɗaya. Na haɗa masa, ya ci rabi ya ajiye. Ya ce, "Abu Hanan," wato uban Hanan, don haka wasu suke kirana yanzu, "kai kaɗai Rakiya take jin maganarka. Ka roƙar mini ita. Ba na son komai, in tsaya ko a bayan sahu ne in ga an ɗaura auren 'yar ƙanwata. Wallahil azim ban kira kowa ba. Na faɗi magana cikin fushi, amma ban kira ba. Kai ka yarda da ni?" Na ce na yarda. Sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce shekara goma sha uku ni ne mutum na farko da ya ce masa haka. Ya kama hannuna yana godiya. Da ya tafi na rufe shago tun kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba.

Jama'a, ga inda nake. In na faɗi gaskiya, Ilu yana kwance, ban san ko ƙirjinsa zai ɗauki wannan labari ba. Hanan za ta shiga gidan miji da sanin cewa wanda take kira Baba shi ya raba ta da ubanta. Matata da 'ya'yana ba su san komai ba, da wane ido za su fita unguwa? In kuma na yi shiru, zan zauna a gaban liman in ba da auren yarinyar nan, ana sa mini albarka, Hamza yana waje kamar ɓarawo, Ilu kuma ya tafi kabari da ƙullin mutumin da bai yi masa komai ba. Na yi tunanin in jira a gama biki, amma haka na yi ta cewa in jira tun Hanan tana 'yar shekara shida, kuma ban san kwana nawa suka rage wa Ilu ba. Na yi tunanin in wanke Hamza kawai ba tare da na faɗi sunan kowa ba, to in Rakiya ta ce yaya aka yi na sani, in ce mata me?

Ɗaurin auren Juma'a ta sama ne. Hamza ya ce zai dawo jibi ya ji yadda muka yi da ƙanwarsa. Don Allah wanda Allah Ya ba sani ko ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimake ni. Wa zan fara tunkara, kuma da wane baki? Me zan yi?