Doyar Hajiya Ta Yi Tsiro

'Yata Rabi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga Salaga. Yaya jiki, yaya karatu, yaya sanyin ƙasar mutane? Mu lafiya lau, sai gwiwata mai ƙara kamar tsohon babur.

Saƙonki ya iso, kin sake fasa zuwa. Wai ɗan ma'aunin da kika ƙera da DNA, mai shiga lungunan ƙwayar halitta ya haska gwargwadon tsamin wurin, ya ƙi haskawa, sai kin sake aikin. Ni ɗan aji huɗu na karanta sau biyar, har na juya wayar kai ƙasa. Uwarki da bakin ludayi take auna tsamin koko, kuma bai taɓa hana ta tafiya ba.

Na shafa wa ɗakinki fenti, na cika baki a masallaci. Kawunki ya taso tun daga Bawku, ya cinye zabin da muka yanka miki ya koma. Ƙatuwar doyar da kakarki Hajiya ta ajiye miki har ta yi tsiro.

To, ban da wasa. Idon Hajiya yana tafiya. Jiya ta kama hannun matar maƙwabcinmu tana cewa, "Rabi, kin rame." Ke kina neman abin da ido ba ya gani, ita kuwa fuskarki kawai take nema.

Ya haska ko bai haska ba, ki zo. Ki sa ta a addu'a. Ki gaida malamarki, ki ce mata ina fushi.

Babanki,
Issaka