Ta Ce Mani “Shi” Ba Ya Cin Abinci

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah ki sakaya sunana. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don wanda nake wa kaina ya fi nashi zafi.

Ni matar aure ce a Malumfashi, 'ya'yana biyu, ƙaramar tana goye. Daga sakandare ban ci gaba ba, zaman gida kuma ya ishe ni, shi ya sa da aka ce ana neman mata masu ƙananan yara su yi aikin sa kai, a riƙa shiga gida-gida ana auna damtsen yara saboda tamowa, ni na fara ɗaga hannu. Ba albashi, don Allah ake yi. Za a ba ki wani tef mai launi uku ki zagaya a damtsen yaro: kore lafiya lau, rawaya a kula, ja kuwa asibiti yau ba gobe ba. An koya mana danna bayan ƙafa ma, in wurin ya lotsa bai taso ba to kumburi ne, ba ƙiba ba. An fi son masu goyo, wai mace ta fi sakin jiki da wadda ta shigo da nata ɗan a baya. Shugabarmu wata dattijuwa ce, bari in kira ta Hajiya Babba. Kullum sai ta ce mani, “Ke 'yar nan, rage gudun bakinki, ba tallar fura kika fito ba.” Gaskiyarta, ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani.

Da daminar bara aka tura mu wani ƙauye ta hanyar Danja, lokacin masara ta yi tsawon da ba a hango gida sai an zo bakinsa. Gidan ƙarshe ya faɗo kaina. Hadari ya haɗo, ɗan acaɓan da ya kawo mu yana ta danna hon, ta bayana tana tsala kuka kamar ana yanka ta. Na shiga na tarar da wata yarinya, ba za ta girme ni ba, tana surfe ita kaɗai. Zan kira ta Lami. Ko zama ban yi ba na ce, “Akwai ƙananan yara a gidan nan?” Sai ta sunkuyar da kai, tana zana ƙasa da babban yatsan ƙafa, can ta ce, “Shi ɗin ne dai... ba ya cin abinci. Ƙafafun ma sun hau.” Ta ɗan kalli ƙofar ɗaki. Ni kuwa na kwashe da dariya na ce, “Baiwar Allah, mu ba ma auna masu gemu. Ki ce mashi ya hau mashin ya je asibiti.” Ta ce, “To.” Har da “Allah ya ba da lada.”

Kun san mace ba ta kiran sunan miji, sai dai ta ce “shi”. Kun kuma san ba miji kaɗai ake yi wa haka ba, har da ɗan fari. Ni ma na sani, tsohuwarmu har yau ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Da a nan abin ya tsaya sai in ce kuskure ne, wa ya fi ƙarfin kuskure? Amma ina isa zaure idona ya faɗa kan igiyar shanya, na ga wani ɗan wando da bai fi tafin hannuna biyu ba. Wallahi na gane a take. Na tsaya. Aka yi tsawa, ɗan acaɓa ya ɗaga mani murya, “Malama, in ruwan nan ya sauko rafi ba zai ƙetaru ba fa!” Na ce a raina wani zuwan na duba shi. Na fita. Wane irin mutum ne zai gane kuma ya fita?

Ba a sake tura mu ƙauyen ba sai da aka fara karyar masara, ranar muka ji yaron ya rasu. Ɗan fari ne, bai daɗe da yaye ba. Kakarsa, wadda ita ce mai bakin faɗar ciwonsa, tana Funtua jinyar 'yarta a lokacin, uban kuma daga gona sai gona, yana ganin kumburin nan ya ɗauka yaro ƙiba yake. A gaban mata Hajiya Babba ta ce, “Wa ya shiga gidan nan?” Na ce ni ce. Ta ce, “Ba ki gan shi ba?” Anti, bakina ne ya riga ni. Na ce, “Na tambaye ta, ta ce babu yaro a gidan.”

Maganar nan kafin la'asar ta zaga gari. Aka ce Lami ta ɓoye ɗanta ga masu awo. Uwar mijin ta dawo ta ce ta kashe mata jika da kunyar banza, mijin ya daina cin tuwonta, daga baya aka ce ta je gida ta huta, ga ciki a jikinta. Ita kuwa ba ta ce uffan ba. Ta yaya za ta kare kanta ba tare da ta yi zancen yaron a gaban manya ba? Ko kukan mutuwarsa sai da ta shiga bayan rumbu ta yi, haka wata maƙwabciyarta ta gaya mani.

Kwanakin baya na kai ƙaramar tawa rigakafi, sai ga ta a layin masu awon ciki. Na juya fuska, amma ta riga ta gan ni. Ta ɗan rusuna ta ce, “Anti mai awo, ina kwana. Ya mai kukan nan, ta daina?” Na ce ta daina. Sai ta ce, “Ranar nan na so in biyo ki zaure, ƙafata ce ta ƙi.” Shi ke nan abin da ta faɗa. Da ta zage ni, da ta tofa mani yawu, da na samu sauƙi. Tun ranar ba ni da sukuni. Ko a kasuwa na ji mace ta ce “shi”, sai na waiga. Ina cikin tuƙa tuwo sai in ji kamar ana surfe a bayana. Na danna ƙafafun 'ya'yana har maigidan ya ce, “Wai ke me kike nema a ƙafar yaran nan ne?” Ban taɓa ganin fuskar yaron ba, ko sunansa ban sani ba, amma kullum ina jin yana kwance a bayan wata ƙofa yana jira in ɗaga labule.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar mai zuwa za a yi taro a firamaren ƙauyen don a samu iyaye mata daga cikinsu su shiga aikin. Hajiya Babba ta ce ni zan tashi in ba da labarin matar da ta ɓoye ɗanta, don ya zama darasi. Na ce mata muryata ba ta da daɗi, ta ce, “Yau kuma ke ce ba ki da baki?” Dangin mijin Lami za su zo, kuma na ji ana cewa bayan taron ne manya za su zauna a kan komawarta ko rashin komawarta. Mutanen nan da ƙyar suka yarda suka buɗe mana gidajensu. In suka ji mai awo ce ta yi wa uwa dariya ta fita, sannan ta yi mata ƙarya, ina tsoron su rufe, kuma akwai yaran da tef ɗin nan ya kai asibiti suna nan suna gudu yanzu. Ina tsoron idon Hajiya ma, ba zan ɓoye ba, da na maigidana. Amma in na tsaya a gaban garin nan na maimaita abin da na faɗa, to da bakina zan tsinke igiyar auren yarinyar da ta gaya mani gaskiya iyakar yadda za ta iya.

Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar, sai na tuna wata za a sa ta faɗa a madadina, kuma yadda na faɗa za ta faɗa. Iyayena mata da ke shafin nan, da malamai in akwai, don girman Allah ku ba ni amsa kafin Asabar. Me zan yi?