Izinin Tone Uwar Maƙera

Dakwaro, watan Rajab, 1956

Zuwa ga yayana Sallau, a zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, Yaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Dela da yara. Allah Ya ɗauke maka ciwon ƙirjin nan da fatake suka ce yana tashi in damina ta sauka. Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida. Idon matata Halimatu ya yi sauƙi. Gero ya yi daidai gwargwado, wake ne dai fara ta raba mu da shi. Goron da ka aiko ya iso, rabinsa ya bushe a hanya, amma mun ci mun sa albarka.

Abin da ya zaunar da ni gaban malam yana rubuta maka wannan, maganar ɗanka Mamani ce, wanda Halimatu ta haifa mini, da uwar maƙerar Baba. Tun da Nasara suka gyara hanyar mota daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano, kasuwa ta juya mana ƙeya. Can Maraɗi aka kakkafa manyan kantuna, can ake awon gyaɗa, can injin matse mai yake. An ja musu ruwan pampo, ka murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, mu kuwa har yau sai sa ya ja igiya ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya. An ce har wutar kuran, wato lantarki, an sa wajen kantuna. Mai sana'a kuwa hanya yake bi da ruwa. Hama tela ya ɗaure kekensa ya tafi, majema sun bi bayansa. Rhissa, wanda raƙumansa ke kai kaya kudu, ya sayar da yawancinsu tun da ya ga kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, ta kwashe abin da ayarinsa ke ɗauka. To wa zan ƙera wa kaca da linzami? Tamu hanyar kumandan, Baturen mulki, ya sa an share ta, amma rairayi ya fi ƙarfinta, duk shofer ɗin da ya shigo da mota sai ya rantse ba ya ƙarawa.

Bayan girbi Mamani ya je Maraɗi sayen ƙarfe, ya dawo da wani kai daban. Ya ce a bakin tasha kullum akwai abin da ya karye a jikin mota, maƙerin da ke zaune can ko ɗaga kai ba ya yi. Ya roƙe ni in bar shi ya tone uwar maƙera ya tafi da ita, shi da matarsa Aisata. Ka san ka'idar gidanmu: ba a tone ta daga inda kakanni suka kafa ta sai babban gida ya furta da bakinsa. Babba kuwa kai ne, ko da yake ka yar da masaba ka je kana tallan goro kamar ba jinin maƙera ba. Sai na ce masa sai ka yarda. Fakewa na yi da kai, Yaya. Na san Kumasi da nisa, kuma na ɗauka in dai uwar tana nan, ɗan ba ya motsawa.

Bai yi mini gardama ba. Ya cika mini rumfa da gawayi, ya ɗinke fatar zuga-zugi inda ta yage, ranar kasuwa ya durƙusa ya nemi albarkar tafiya. Na sa masa, don ba a hana ɗa albarka, amma a raina na ce maƙeri ba uwa, kafin wata ya mutu zai dawo. Makon jiya Hama ya zo duba tsohuwarsa, ya biyo ya ba ni labari. Wai Mamani ya tsinci guntun ƙarfen matacciyar kamiyo a juji, ya kafa shi kan kututture, a kansa yake duka, kuma aiki ya yi masa yawa har yana mayar da wasu. Hama yana faɗa yana washe baki, a ganinsa albishir yake yi mini. Na tambaye shi ko yaron ya yi zancen uwar maƙera. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai bai ji ba.

Wannan amsar ce ta karya mini gwiwa. Na gaji, Yaya. Kafaɗata ba ta ɗaga masaba yadda ka san ta. In an kawo gyaran hauya, Halimatu ke yi mini zuga, tana yi tana tari, kuma da ta yi mini faɗa kan tafiyar ɗanta da ya fi mini sauƙi. Na tsare uwa na rasa ɗa. Ban ga laifinsa ba, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Abin da ke ba ni tsoro, jikokinmu su tashi suna duka kan ƙarfen juji, ba su taɓa sa hannu inda Baba ya sa nasa ba.

Don haka nake neman izininka, wannan karon da gaske. Ka furta gaban mutane, ka sa a rubuto, ko ka ba wani bafatake amintacce saƙon baki. In tone ta tun ina da sauran ƙarfin ɗaga ta, in ɗora wa raƙumin Rhissa in kai masa da kaina. Bai sake roƙo ba, na sani. Wataƙila ya kafa ta, wataƙila ya jingine ta bayan ɗaki. Ko wanne ya yi, gara ta yi tsatsa a gidansa da a binne ni a bar ta cikin kango.

Ka gaida Dela da kyau, ka gaida ɗiyarka Uwale da maigidanta, da duk mutanenmu na zango. Halimatu tana gaishe ku, ta ce ku sa ta cikin addu'a. Don Allah kada ka yi nauyin amsar nan taka da ka saba. Na riga na sassauta ƙasar gindinta, bakinka kawai nake jira.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Na'Allah maƙeri